Jordan ko LeBron, da inda musun ya kai mu: ra'ayin siyasar mutum yana rage maka daɗin aikinsa?

Malam Habu:
Assalamu alaikum jama'a. Daren jiya mun yi musu da babban ɗana har sai da mahaifiyarsa ta shiga tsakani. Shi LeBron James, ni Michael Jordan. Na kawo masa hujjata: sau 6 Jordan ya kai wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, da ƙungiyar Chicago Bulls, sau 6 ɗin ya ɗaga kofi, daga 1991 zuwa 1993, sannan daga 1996 zuwa 1998, kuma a kowanne shi aka zaɓa gwarzon wasan ƙarshen. Sai yaron ya bar maganar ƙwallo, ya ce mini ai Jordan bai taɓa tsaya wa kowa ba sai kansa. Maganar ta tsaya mini a rai. Ni dai abin da ya sa nake son Jordan shi ne ya riƙe sana'arsa, bai tsoma baki a siyasa ba. Haka nake a fim, haka nake a waƙa. Da zarar na ji mawaƙi ya fara yi wa wani ɓangare kamfe, sai waƙarsa ta fita daga raina. Ku fa, yaya kuke gani?

Sadiq:
Wa alaikumus salam Baba Habu. Ina bayan ɗanka, kuma ko maganar ƙwallon kaɗai za a yi. LeBron ya je wasan ƙarshe sau 10, takwas daga ciki a jere, daga 2011 zuwa 2018. Ya ci kofi 4 da ƙungiyoyi uku daban: Miami sau biyu, Cleveland, sai Lakers. A watan Fabrairun 2023 ya wuce maki 38,387 na Kareem Abdul-Jabbar, wanda ya riƙe tarihin yawan maki tun 1984 ba wanda ya taɓa shi, daga baya ma ya haura 40,000. Mutumin da ya yi wasa har ɗansa ya girma suka shiga fili tare, me kuma ake nema?

Malam Habu:
Ka je sau 10 ka dawo da 4, Sadiq. Ka ƙirga sauran shidan.

Sadiq:
To Baba, shekarun da aka fitar da Jordan tun a zagayen farko fa? Su ba a ƙirga su saboda bai kai ƙarshen ba? Wato wanda ya faɗi tun a hanya ya fi wanda ya faɗi a bakin ƙofa ke nan?

Yaya Ɗanladi:
Ku biyun kun manta da mutum ɗaya, kuma kullum haka ake yi masa. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984, Hakeem Olajuwon aka fara ɗauka, Jordan na uku, kuma har yau ban ji wani mai hankali ya ce Houston ta yi kuskure ba. A 1994 ya haɗa abu uku a kaka ɗaya: gwarzon gasa, gwarzon tsaron gida, gwarzon wasan ƙarshe. Ya tare jifa 3,830 a rayuwarsa ta wasa, babu wanda ya kai haka a lissafin gasar. Idan ka kalli ƙafarsa a ƙarƙashin kwando za ka gane mutumin da ya fara da tsaron raga a ƙwallon ƙafa: ya yi kamar zai juya dama, mai tsaronsa ya tafi, shi kuma yana hagu. Kuma yana yin wasa da azumi a bakinsa. Ni shi ne nawa.

Malam Habu:
Ɗanladi, ina girmama Hakeem ƙwarai. Amma kofunansa biyu sun zo ne lokacin da Jordan ya tafi wasan ƙwallon sanda bayan an kashe mahaifinsa.

Yaya Ɗanladi:
Na farko kawai, Malam. A watan Maris na 1995 Jordan ya dawo, ya buga wasannin fitar da gwani, Orlando ta su Shaquille O'Neal ta fitar da shi. Ita wannan Orlandon ce Houston ta cinye sau huɗu a jere ba ta rama ko ɗaya ba. Wannan magana ta daɗe tana yi mini ciwo, don ana faɗinta ne kamar sadaka aka ba shi.

Anti Rabi:
Ni ban san ƙwallon kwando kamar ku ba, amma tambayar Malam Habu ta gaskiya ba ta lissafin maki ba ce, kun bar ta a baya. Malam, ka ce Jordan bai shiga siyasa ba. A 1990 an yi zaɓen ɗan majalisar dattawa a jiharsa ta North Carolina, tsakanin Harvey Gantt, baƙar fata da ya taɓa zama magajin garin Charlotte, da Jesse Helms, mutumin da ya yi adawa da ware ranar hutu don tunawa da Martin Luther King. An nemi Jordan ya fito fili ya goyi bayan Gantt, ya ƙi. Gantt ya faɗi. Ban ce Jordan ne ya kayar da shi ba. Amma a lokacin babu baƙar fatan da ya kai shi farin jini a Amurka, kuma ya san haka. Shiru ma magana ce.

Malam Habu:
Hajiya, shi da kansa ya yi bayani a shirin tarihinsa da aka nuna a 2020, cewa ya aika wa Gantt gudummawar kuɗi, amma ba zai yi magana a kan mutumin da bai sani ba. Ni wannan ya gamsar da ni. Don mutum ya iya jefa ƙwallo a kwando ba shi ke nuna ya san wanda ya dace da mulki ba. Me ya sa za mu ɗora masa nauyin da bai ce zai ɗauka ba?

Anti Rabi:
Saboda waɗanda suka riga shi sun ɗauka, kuma da wuyarsu ya samu filin da ya taka. Bill Russell, mai kofi 11 cikin shekara 13, ya ƙi buga wasa a Kentucky a 1961 bayan an hana abokan wasansa baƙaƙe zama a wurin cin abinci na masauki. A 1967 da Muhammad Ali ya ƙi shiga soja don yaƙin Biyetnam, aka ƙwace masa kambu, aka hana shi dambe sama da shekara uku, Russell da Kareem, lokacin yana ɗalibin jami'a, suna cikin waɗanda suka zauna kusa da shi a gaban 'yan jarida a Cleveland. Su ma ai suna da abin da za su rasa.

Usman K.:
Anti, na yarda da Russell da Ali. Amma don Allah kar a sa LeBron a wannan sahu. A 2019 wani shugaba a ƙungiyar Houston, Daryl Morey, ya rubuta saƙon goyon bayan masu zanga-zanga a Hong Kong. Gidan talabijin na gwamnatin Sin ya daina nuna wasannin NBA, kuɗi masu yawa suka shiga haɗari. Sai LeBron ya fito ya soki Morey, wai bai fahimci lamarin ba. Mutumin da ya fusata da wata 'yar jarida ta ce masa ya yi shiru ya buga ƙwallonsa, shi ne kuma ya so wani ya yi shiru da abin ya taɓo kasuwarsa. Laifi tudu ne. Ali ya rasa shekarun ƙarfinsa. LeBron me ya rasa?

Sadiq:
Yaya Usman, a maganar Sin bai kyauta ba, ba zan kare shi ba. Amma ya buɗe makaranta a garinsu Akron a 2018 don yaran da karatu ke ba wuya. Wannan ba surutu ba ne.

Usman K.:
Jordan ma ya yi alkawarin dala miliyan 100 cikin shekara goma a 2020, shi da kamfanin takalminsa, don ayyukan daidaito tsakanin launin fata. Idan kyauta ce ma'auni, sun yi kunnen doki. Ni ma'aunina shi ne abin da mutum ya yi asara. Shi ya sa nake tuna Mahmoud Abdul-Rauf na Denver. A 1996 ya ƙi tsayuwa lokacin taken ƙasar Amurka, aka dakatar da shi wasa ɗaya, sannan aka daidaita a kan zai tsaya yana addu'a hannuwansa a buɗe. A ƙarshen kakar aka mayar da shi Sacramento, tauraronsa bai sake haskawa kamar da ba. Mutum ne mai fama da larurar da ke sa jiki motsi ba da son mai shi ba, amma duk da haka yana cikin mafi ƙwarewa a jifan kyauta. Yau yara nawa suka san sunansa?

Yaya Ɗanladi:
Kuma ka san Hakeem bai goyi bayan matakin da ya ɗauka ba a lokacin. Musulmi biyu, gasa ɗaya, fahimta biyu. Ina son Hakeem, amma duk lokacin da na tuna wannan sai in ji wani iri, domin Abdul-Rauf ya tsaya shi kaɗai.

Nafisa:
Bari in shigo ta ɓangaren fim, don nan ne nake ganin maganar Baba Habu ba za ta tsaya ba. Baba, ka ce ba ka son siyasa a fim. Wane fim ka fi so?

Malam Habu:
Sholay, 'yata. Ban san adadin kallon da na yi masa ba. Abota, ramuwa, dariya, waƙa, da bos ɗin da har yau ba a yi kamarsa ba. Babu ruwansa da jam'iyya.

Nafisa:
To Baba, ƙarshen da ka kalla ba shi ne ƙarshen da darakta Ramesh Sippy ya ɗauka da farko ba. Fim ɗin ya fito a watan Agustan 1975, 'yan makonni bayan Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci. A ainihin labarin, Thakur ne ke kashe Gabbar, bos ɗin, da ƙafarsa. Hukumar tace finafinai ba ta yarda a nuna tsohon ɗan sanda ya ɗauki doka a hannunsa haka ba, dole aka sake ɗauka, 'yan sanda suka iso a ƙurarren lokaci suka kama shi. Wato gwamnati ta riga ta shiga fim ɗin kafin ya iso gare ka. Ba ka gan ta ba ne kawai.

Malam Habu:
Ikon Allah. Wallahi ban san wannan ba. Kuma ga shi tun ina saurayi zuwan 'yan sandan nan yake ba ni haushi, ina ganin an ƙwace wa Thakur haƙƙinsa bayan duk abin da aka yi wa iyalinsa.

Nafisa:
Ka gani. Zuciyarka ta ji wurin ɗinkin tun ba a gaya maka ba. Haka finafinan Amurka na shekarun 1980. Rocky na huɗu a 1985, ɗan damben Tarayyar Sobiyat ne abokin gaba, mutum kamar inji, ba murmushi. Rambo na uku a 1988, mayaƙan Afganistan su ne jarumai saboda a lokacin da Sobiyat suke yaƙi. Top Gun kuwa da jiragen rundunar sojan ruwan Amurka aka yi shi, da amincewarsu. Mun kalla muna yara muna tafi, ba mu san ana koya mana wanda za mu so da wanda za mu ƙi ba.

Hajiya Binta:
Nafisa, gaskiya kika faɗa, amma ki juya abin ta ɗaya gefen. Fim ɗin da ya fi sa ni kuka a duniya shi ne na Umar Mukhtar, wanda Mustapha Akkad ya shirya, Anthony Quinn ya fito a matsayin dattijon. Wurin da aka rataye shi, tabaransa ya faɗi, yaro ya ɗauka, har yau ba na iya kallonsa ido a bushe. Tarihi ne na gaske, Italiya ta rataye shi a 1931 bayan shekara ashirin yana yaƙar mulkin mallakarta, kuma an hana nuna fim ɗin a Italiya shekaru da yawa. Amma da kuɗin gwamnatin Gaddafi aka yi shi. Na san haka, na san abin da ake faɗa a kan mulkinsa, kuma ko kaɗan bai rage mini fim ɗin ba. To ke a ina za ki ajiye ni? An yaudare ni ne, ko kuwa aiki mai kyau yana iya fita daga hannun da ba ki yarda da shi ba ya tsaya da ƙafarsa?

Nafisa:
Mama, ban ce a daina so ba. Ni kaina ina son fim ɗin. Abin da nake cewa shi ne mu san wanda ya biya kuɗin da abin da yake nema. Bayan haka kowa ya yi da zuciyarsa.

Hajiya Binta:
To a nan mun haɗu. Abin da ba na so shi ne wannan sabon yayi na cewa sai ka binciki ra'ayin mawaƙi kaf kafin a ba ka izinin jin daɗin muryarsa. Ummu Kulsum tana kusa da gwamnatin Jamal Abdul Nasir, bayan yaƙin 1967 ta zaga ƙasashe har Faris tana waƙa tana tara wa Masar kuɗi. Mutanen da ke ƙin Nasir fa, sun toshe kunne ne? Ranar Alhamis ta farkon wata da take waƙa a rediyo, da mai sonsa da mai ƙinsa duk suna zaune. Waƙa ɗaya ta yi kusan sa'a guda, tana maimaita baiti ɗaya ta hanyoyi daban-daban har mutane su miƙe tsaye. Wannan ba abin da za a auna da katin jam'iyya ba ne.

Usman K.:
Hajiya, akwai bambanci tsakanin mawaƙin da ke da ra'ayi da mawaƙin da aka saya. Ina jin abin da Malam Habu ke ƙi shi ne na biyun. Bob Marley siyasa ce cike da waƙoƙinsa, amma ba wanda ya mallake shi. A watan Disambar 1976 'yan bindiga suka shiga gidansa a Kingston suka harbe shi, kwana biyu kafin wani wasa da ake ganin zai amfani gwamnati, amma ya hau dandamali da rauninsa. A 1978 ya kira Michael Manley da Edward Seaga, shugabannin ɓangarorin da magoya bayansu ke kashe juna, ya haɗa hannayensu a gaban jama'a. A 1980 shi aka gayyata bikin 'yancin Zimbabwe. Ka cire siyasa daga wannan mutumin, me ya rage?

Malam Habu:
Usman, ka taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Marley ina jin sa har gobe. Ashe ba siyasar nake ƙi ba, banbaɗanci nake ƙi: a yabi mutum bana, baɗi a zage shi a yabi abokin hamayyarsa da kiɗa iri ɗaya. Wannan kam ba zan sauya ba.

Anti Rabi:
Madalla. To ƙara da Miriam Makeba. A 1960 gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta soke fasfonta, ko jana'izar mahaifiyarta ba ta samu zuwa ba. A 1963 ta yi magana a Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1968 da ta auri Stokely Carmichael, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, masu shirya wasanni a Amurka suka janye mata, ta koma Gini. Sai 1990 ta sake taka ƙasarta. Shekara talatin. Idan na ji muryarta, wannan duk yana cikin abin da nake ji, ba zan iya raba su ba. Shi ya sa Jordan bai taɓa shiga zuciyata ba, duk da na san gwani ne.

Malam Habu:
Hajiya, a nan ne dai ba za mu daidaita ba. Ban ce ya kai Makeba ko Ali daraja a matsayin mutum ba, ban taɓa cewa haka ba. Amma daren da ya buga wasa na biyar da Utah a 1997, yana rashin lafiya har da ƙyar yake tsayuwa, ya ci maki 38, Scottie Pippen ya riƙe shi suka fita, abin da na gani a daren nan ya yi mini amfani a rayuwata. Na shiga wani hali a wurin aiki a shekarun nan, an zalunce ni, na yi niyyar ajiye komai. Hoton mutumin nan yana jan jiki yana ci gaba na cikin abubuwan da suka riƙe ni. Zaɓen 1990 bai goge wannan ba.

Anti Rabi:
Allah sarki. Wannan kam ba ni da ta cewa a kai, Malam. Allah ya saka maka.

Sadiq:
Baba, abin da ka faɗa yanzu shi ne daidai abin da ɗanka yake ji game da 2016. Golden State ta ci wasa 73 cikin 82 a kakar, ta karya tarihin Bulls ɗinka na 72. Tana gaban Cleveland da 3 da 1 a wasan ƙarshe, kuma babu ƙungiyar da ta taɓa dawowa daga nan a wannan mataki. LeBron ya ci 41, ya sake cin 41, aka je wasa na bakwai a gidan Golden State. Garin Cleveland bai ga kofi a manyan wasanni ba tun 1964. Ni ina ƙarami lokacin, amma na ga babban mutum ya durƙusa a fili yana kuka. Ka zauna da shi ku kalla tare, ka bar lissafin shida da huɗu na dare ɗaya.

Yaya Ɗanladi:
Amma ku fara da wasan Hakeem da San Antonio na 1995, ku ga abin da ya yi wa David Robinson a shekarar da aka ba Robinson gwarzon gasa. Ba zan gaji da faɗa ba.

Nafisa:
Yaya Ɗanladi ba zai bari ba. Baba Habu, idan ka samu Sholay mai ƙarshen asali ka kalla ka gaya mana wanne ya fi kwanta maka. Ni na kalli duka biyun, kuma abin mamaki na 'yan sandan ya fi mini, don ganin Thakur yana kuka bayan ya yi kisan ya fi ƙarfin zuciyata.

Malam Habu:
Na dawo. Mun kalli wasa na bakwai ɗin da yaron bayan sallar isha'i, rubu'in ƙarshe gaba ɗaya. Maki 89 da 89 aka tsaya, minti wajen huɗu ba wanda ya iya zurawa, kowa ya gaji. Da Iguodala na Golden State ya tashi zai ajiye ƙwallon nan, na riga na ƙirga ta shiga. Ban ga ta inda LeBron ya fito ba, sai ganin ƙwallo na yi ta bugi allo ta dawo. Sau uku na sa ya mayar mini baya. Har yanzu Jordan ne nawa, na gaya masa, ya yi dariya. Amma Sadiq, ba ku faɗi gaskiya duka ba: jifa mai maki uku da ta raba gardamar ai Kyrie Irving ne ya yi ta. Me ya sa ba kwa ambatonsa?

Sadiq:
Don dalilin da ya sa ku ma ba kwa ambaton Steve Kerr a 1997 da John Paxson a 1993, Baba. Su ne suka zura wanda ya raba gardama a shekarun nan biyu.

Malam Habu:
Paxson kam na tuna, saura daƙiƙa huɗu ba kaɗan, a Phoenix. Ɗanladi, turo mana na Hakeem da San Antonio ɗin, shi za mu kalla ranar Asabar.